Akuna na eklektus yana zubar da gashi ba ƙaƙƙautawa: sauyin gashi ne ko ciwo?

Maman Safiyya, Kaduna

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san kiwon aku, musamman irin wanda ake kira eklektus, domin abin da nake gani a jikin nawa ya fara hana ni sukuni. Namiji ne, kore shar, da ja a ƙarƙashin fukafukai da gefen jiki, bakinsa na sama kuma ruwan lemo ne. Wani maƙwabcinmu baƙo da ya kammala aikinsa zai koma ƙasarsu ne ya bar mana shi watanni 9 da suka wuce, tare da takardunsa, kuma a lokacin ya ce shekarun tsuntsun 4. Da ya zo hannunmu jikinsa sumul yake, gashinsa a kwance kamar siliki, har baƙi sukan tambaya ko gashin tsuntsu ne ko na dabba.

Tun da hunturu ya shigo al'amarin ya sauya. Kullum da safe ina share gashi mai yawa a ƙarƙashin keji, ƙanana da manya, da wani lallausa mai ruwan toka. Ƙeyarsa da wuyansa sun yi sharara, har akwai wani wuri kamar faɗin kwabo a bayan kai inda fata ta fito fili. A ƙirji kuma koren ya ragu, sai lallausan gashin ciki ake gani. Yana yawan susa, kuma ya zama mai saurin fushi, har ya ciji yarinyata da ya saba hawa kafaɗarta.

Abincin da nake ba shi shi ne gyaɗa, da 'ya'yan furen rana, da dawa, sai ayaba jefi-jefi. Mai shi na farko ya bar mana buhun abincinsa na kanti, amma da ya ƙare ban sami irinsa ba. Makonni 3 da suka wuce na sayo maganin bitamin irin wanda ake zuba wa kaji a ruwa na fara saka masa, sai ga shi bayan 'yan kwanaki ya fara wani abu da ban taɓa gani ba: yatsun ƙafarsa ɗaya suna buɗewa suna rufewa da kansu, har farcen yana ƙwanƙwasa sandar da yake tsaye a kai. Kejinsa yana falo, kuma maigidan ya sa an rage masa gashin fiffike da almakashi saboda fanka. Abu na ƙarshe da ya kamata in ambata shi ne, wata biyu ke nan da maigidan ya sayo ɗan aku irin namu mai ruwan toka da jar wutsiya a kasuwa, kuma kejinsu yana kusa da juna, ko da yake ba su taɓa haɗuwa a keji ɗaya ba.

Shin wannan sauyin gashi ne da zai wuce da kansa, ko ciwo ne? Yana ci, yana sha, yana kuma surutunsa kamar yadda ya saba.

Malam Habu Mai Tsuntsaye, Zariya

Wa alaikumus salam, Hajiya. Na shafe shekaru ina kiwon tattabaru da aku, kuma abin da zan fara gaya miki shi ne kada ki sake zubar da gashin da kike sharewa, domin amsar tambayarki tana jikinsa. Ki tara na kwana uku a kan farar takarda, ki zauna da rana ki duba su ɗaya bayan ɗaya.

Gashin da ya faɗo don lokacinsa ya yi cikakke ne daga sama har ƙasa, tsinkensa busasshe ne, fari ko garai-garai, ƙarshensa kuma santsi ne mai ɗan tsini, babu jini, babu alamar tauna. Wanda tsuntsu ya lalata da bakinsa kuwa za ki gan shi a karye, ko a tsage, ko an gutsure shi a tsakiya, ko gefensa ya yi zare-zare kamar tsohuwar tsintsiya. Akwai kuma nau'i na uku, wanda shi ne ba na fatan ki gani: gajeren gashi da ya faɗo tun bai gama girma ba, a murɗe, ko tsinkensa ya tsuke a wani wuri kamar an ɗaure da zare, ko busasshen jini baƙi ya cika cikinsa. Idan kika ga irin wannan, to maganar ta wuce ni, ta koma hannun likita.

Bayan gashin ƙasa, sai ki duba inda jikin ya yi sanƙo. Aku yana iya kai bakinsa ƙirji, da ciki, da cinyoyi, da ƙarƙashin fukafukai, amma ba ya iya kai shi kansa ko ƙeyarsa. Wannan ne ya sa akun da ke tsige kansa ake ganin jikinsa tamkar figaggiyar kaza alhali kansa yana nan cif da gashi. Saboda haka sanƙon da ke bayan kan naki ba bakinsa ne ya yi shi ba. Ko dai sauyin gashi ne mai ƙarfi, ko yana goga wurin da wayar keji saboda ƙaiƙayi, ko wani tsuntsu ne ke tsige masa, wanda kin ce ba su haɗuwa, ko kuma ciwo ne. Ki matso da shi kusa da haske ki duba fatar wurin. Idan lafiyayyiya ce, babu ja, babu ɓawo, kuma kina ganin sababbin gasu suna ɓullowa kamar ƙaya, kowane a cikin farin kubensa, to hankalinki ya ɗan kwanta ta wannan fuska. Waɗannan ƙayoyin suna da zafi idan aka taɓa su, domin akwai jini a cikinsu har sai sun gama girma, kuma ina kyautata zaton shi ya sa ya ciji yarinyar. A gaya mata ta daina shafa masa kai na ɗan lokaci.

Ƙirjin ne ya fi ba ni shakka. A sauyin gashi na ƙa'ida tsuntsu yakan zubar kaɗan-kaɗan, dama da hagu daidai wa daida, ta yadda ba zai rasa abin tashi ko abin rufe jiki ba. Idan koren ƙirji ya tafi ya bar lallausan gashin ciki a fili, galibi tsuntsun ne ke gutsure na saman. Yana yiwuwa ƙwarai abu biyu ne suka haɗu masa a lokaci ɗaya, wato sauyin gashi a ka, da tauna a ƙirji, kuma kowanne da yadda ake bi da shi.

Ki duba fukafukan da aka rage su ma. Idan almakashi ya bar guntayen tsinke masu kaifi, suna sokar gefen jikin tsuntsu duk lokacin da ya naɗe fiffikensa, kuma na sha ganin akun da ya koyi tauna gashi daga nan, sannan ɗabi'ar ta bi sauran jiki. Da an kashe fanka lokacin da aka fito da shi, da ya fi sauƙi.

Akwai abin da ke sa mutane su fid da rai ba gaira ba dalili, shi ya sa zan faɗe shi tun yanzu. Gashin da aka tumɓuke har tushe yakan sake tsirowa cikin makonni kamar 4 zuwa 8, amma wanda aka gutsure aka bar tsinkensa a fata ba ya sake fitowa sai sauyin gashi na gaba ya ture shi. Ke nan ko da kin gyara komai yau, ƙirjin zai iya ɗaukar watanni kafin ya koma kore, kuma wannan ba ya nufin gyaran bai yi aiki ba. Abin da ake gudu shi ne tsigar ta daɗe har ramin gashin ya mutu, domin daga nan wurin ya zama sanƙo na dindindin.

Abban Khalil, Kano

Hajiya, a ganina bushewar fata ce kawai irin ta hunturu, wadda mu ma take farfasa mana leɓe da diddige. Ki shafa masa ɗan man kaɗanya ko man zaitun a wuraren da suka yi sanƙo, sannan ki barbaɗa masa hodar ƙwarƙwatar kaji ko da akwai ƙwari a jikinsa. Haka muke yi wa kajinmu na gida, kuma suna warwarewa.

Anti Rabi, Kwinsilan, Ostareliya

Ƙanina Abban Khalil, ka gano rabin matsalar, wato bushewa, amma don Allah kada a shafa wa tsuntsun nan mai. Mai yana manne gashi ya hana shi riƙe ɗumi, kuma aku ba ya jure ƙazanta a jikinsa, don haka zai duƙufa tauna wurin har ya cire gashin da man ya taɓa. Hodar kaji kuwa an auna ta ne da jikin kaza, kuma aku yana bin gashinsa da baki ɗaya bayan ɗaya, ke nan duk abin da aka barbaɗa masa cikinsa zai tafi.

Maman Safiyya, ina zaune a jihar da wannan tsuntsu yake rayuwa a daji a can ƙarshen arewacinta, a yankin Kef Yok, kuma ina da mace guda a gida shekara 7 ke nan. Asalin eklektus dazuzzukan ruwan sama ne na Niyu Gini, da tsibiran Solomon, da tsibiran Maluku na Indonisiya, da wannan ɗan yanki na Ostareliya. A can iska jiƙe take kusan kullum, ruwan sama yana wanke tsuntsu a kan bishiya, kuma danshin iska yakan kai kashi 70 zuwa 80 cikin 100 ko fiye. A Kaduna kuwa da tsakar hunturu yakan faɗi ƙasa da kashi 20 da rana. Akunmu na Afirka mai jar wutsiya yana da wata farar hoda da jikinsa ke fitarwa mai yawa, shi kuwa eklektus kaɗan yake da ita, gashinsa kuma siriri ne kamar gashin kai, shi ya sa bushewa da ƙura suke saurin nunawa a jikinsa. Idan iska ta bushe, kuben sabon gashi yana taurara ya ƙi ɓarewa, ƙaiƙayi ya ƙaru, tsuntsu ya kai baki.

Maganin wannan ruwa ne zalla. Ki sami sabuwar kwalbar feshi wadda ba a taɓa zuba komai a ciki ba, ki zuba ruwa mai ɗan ɗumi, ki fesa sama ya sauko masa kamar yayyafi, kullum da hantsi bayan sanyin safiya ya sake, domin ya bushe sarai kafin yamma. Kada a sa sabulu, kada a sa turare. Idan ya buɗe fukafukai ya sunkuyar da kai, to ya ji daɗi, ki ci gaba har ya jiƙe. Ki ajiye faffaɗan kwano da ruwa kusa da keji, ko ki shanya jiƙaƙƙen tawul a gefe, kuma ki janye kejin daga saitin na'urar sanyaya ɗaki idan kuna kunna ta.

Game da sanƙon ƙeya, masu kiwon eklektus sun san shi har sun laƙaba masa suna, suna ce masa mojo. Sauyin gashi ne mai tsanani da ke kama kai da wuya, gashin ya zube da yawa lokaci guda har fata ta bayyana, tsuntsu ya yi muni na 'yan makonni, sannan ƙayoyi su cika wurin. Tawa ta taɓa yi sau ɗaya, har na ji kunyar baƙi su gan ta.

Sai abinci, wanda a nan ne nake ganin babban gyara yake. A daji abincinsa 'ya'yan itatuwa ne, da ɓaure, da furanni, da tohon ganye, da 'yan ƙwayoyi kaɗan. Gyaɗa da 'ya'yan furen rana kusan rabinsu mai ne, kuma babu bitamin A a cikinsu da za a ambata, alhali shi ne fata da gashi suka fi buƙata. Abin farin ciki shi ne duk abin da yake nema yana kasuwarku da araha: gwanda, da karas, da kabewa, da jan tattasai, da gwaiba, da rumman, da kankana, da mangwaro idan lokacinsa ya zo, da ganyen zogale da alayyafo. Gashi kusan dukkansa furotin ne, don haka lokacin sauyi ki ƙara masa dafaffen wake marar gishiri da mai, da ɗan dafaffen ƙwai sau ɗaya ko biyu a mako. Ɗanyen wake yana cutarwa, sai an dafa shi ya nuna. Kada ki janye gyaɗar dare ɗaya, domin aku yana iya zama da yunwa a gaban abincin da bai sani ba. Ki ba shi sabon da safe lokacin da yake jin yunwa, tsohon kuma ki rage shi a hankali cikin makonni. Fiya (wato avokado), da cakulan, da gahawa, da albasa guba ne a gare shi, haka ma goro, wanda na san wasu tsofaffi sukan gutsura wa aku don wasa.

Ƙwanƙwasar yatsun nan kuma sanannen abu ne a eklektus, wani lokaci tana zuwa tare da fizgar fiffike. Masu kiwo da likitoci sun daɗe da lura cewa tana yawan biyo bayan ƙarin bitamin na kamfani da abinci mai rini. Tun da ta fara ne bayan maganin kajin, ki daina shi yau, ki wanke kwanon ruwan sosai. Garin neman gira ne aka kusa taɓa ido.

Dakta, likitan dabbobi

Hajiya, na karanta bayaninki da amsoshin da aka ba ki. Na yarda da Malam Habu a kan duba gashin da ya faɗo, na kuma yarda da Anti Rabi a kan wanka da abinci da daina maganin kaji. Dalilin na ƙarshen shi ne bitamin A da D na kamfani ba sa fita da fitsari kamar wasu, taruwa suke yi a jiki, musamman a hanta, alhali sinadarin da ke cikin karas da gwanda jiki ne ke juya shi ya zama bitamin A gwargwadon buƙatarsa. Sai dai ina roƙon kada sunan mojo ya sa ki miƙe ƙafa. Suna ne da masu kiwo suka ba abin da suke gani, kuma ba a tabbatar da shi sai bayan an kore sauran dalilai. A cikin duk abin da kika rubuta, jumlar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta ɗan akun da aka sayo a kasuwa.

Akwai cutar baki da gashi ta dangin aku, wadda likitocin dabbobi na Ostareliya suka fara bayyanawa a shekarun 1970, yanzu kuma ta bazu duniya ta hanyar cinikin tsuntsaye. Wani ƙaramin bairos ne, wato nau'in ƙwayar cuta, ke kawo ta, yana kama tushen gashi da garkuwar jiki, kuma yana yaɗuwa ta ƙurar gashi, da kashi, da abincin da tsuntsu ya amayo. Ba sai tsuntsaye sun haɗu a keji ɗaya ba. Iskar ɗaki ɗaya, da tsintsiya ɗaya, da hannun mai ba su abinci sun isa. Bairos ɗin yana daɗewa a wuri, kuma yawancin magungunan wanke-wanke na gida ba sa kashe shi. Eklektus da aku mai ruwan toka duk suna kamuwa, kuma a kasuwa ana cunkusa tsuntsaye daga wurare daban-daban a wuri ɗaya. Alamominta su ne irin gashin nan na uku da Malam Habu ya kwatanta, da sabon gashi da ke fitowa a gurguje ya faɗi, wani lokaci kuma rawayen gashi ya ɓullo a inda ya kamata ya zama kore. Ita ba ta barin kai, domin ba baki ne ke cire gashin ba.

Ban ce tsuntsunki yana da ita ba. Cutar ta fi kama ƙanana, babba mai shekara kusan 5 kuma sau da yawa jikinsa yakan ture ta, don haka ɗan akun ne ma ya fi zama cikin haɗari. Amma ba ta da magani, ido kuma ba ya iya tabbatar da ita ko kore ta, sai gwajin jini ko na gashi da ke neman ƙwayar halittar bairos ɗin. Idan gwaji ya nuna akwai ta a tsuntsun da gashinsa ke fitowa lafiya, akan maimaita bayan kwana 90 kafin a yanke hukunci. Ki raba su ɗaki daga yau, kowane da kwanukansa da tsintsiyarsa, ki fara hidimar eklektus kafin ta sabon, ki kuma wanke hannu a tsakani. Da ma ƙa'ida ita ce a keɓe duk sabon tsuntsu na aƙalla kwana 30 zuwa 45 kafin ya shiga ɗaki ɗaya da na gida. Tun da kina Kaduna, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya bai yi miki nisa ba. Ki kai su duka biyun, kowane a kwalinsa, ki tambayi inda za a aika samfurin.

Idan kin je, ki nemi a duba abubuwa uku bayan wannan. Na farko hanta, domin watanni 9 na gyaɗa da 'ya'yan furen rana suna iya tara mata kitse, gyaɗar da ta yi funfuna kuma tana ɗauke da gubar aflatoksin mai lalata hanta, kuma ciwon hanta yana sa ƙaiƙayi da sauyin launin gashi. Na biyu ƙarfe. Yawancin kejin da ake ƙerawa a gida da waya mai rufin tutiya ake yin su, wasu kuma ana shafa musu fenti mai dalma, aku kuwa da baki yake hawa keji. Gubar tutiya da ta dalma suna iya kawo tauna gashi da kuma alamun jijiya, don haka ba zan ɗora ƙwanƙwasar yatsun a kan bitamin kaɗai ba sai an duba wannan da kuma sinadarin kalsiyam na jini. Na uku kashinsa, saboda tsutsa da sauran ƙwayoyin hanji. Ƙwarin fata ba su cika zama dalili a akun da ke cikin ɗaki ba, amma idan kuna da kaji ko tattabaru a gidan, ki lulluɓe kejin da farin ƙyalle da dare, ki duba da asuba ko akwai jajayen ɗigo-ɗigo masu motsi.

Falo kuma ba wurin kwanansa ba ne. Tsuntsun da asalinsa kusa da tsakiyar duniya yake ya saba da dare mai tsawon kusan sa'o'i 12, kuma yana buƙatar barcin sa'o'i 10 zuwa 12 a cikin duhu da shiru, abin da ba zai samu ba inda talabijin ke aiki har tsakar dare. Hayaƙin turaren wuta, da maganin sauro na kunnawa da na fesawa, da hayaƙin janareta duk suna sauka a gashinsa su kuma shiga huhunsa, wanda ya fi namu saurin cutuwa nesa ba kusa ba.

Ki sayi ƙaramin sikelin kicin ki riƙa auna shi da safe kafin ya ci abinci. Eklektus galibi yana tsakanin giram 350 da 550 gwargwadon zuriyarsa, kuma abin lura shi ne sauyin nauyin, ba adadin ba. Idan ya rasa kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, ko ya fara kumbura gashi yana zama shiru, ko ya kai ga cizon fata har jini, to kada ki jira ranar da kika tsara. Cin abinci da surutu ba hujjar lafiya ba ne a tsuntsu, domin yana ɓoye ciwo har sai ya ci ƙarfinsa.

Maman Safiyya, Kaduna

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na jinkirta amsa ne don in yi abin da aka ce in dawo da bayani.

Malam Habu, na tara gashin kwana uku kamar yadda ka ce, kuma hasashenka ya yi daidai. Ƙananan koraye masu yawa cikakku ne da busasshen tsinke, amma na ware guda 14 da aka gutsure a tsakiya, kuma da na zauna nesa ina kallonsa da yamma na gan shi da idona yana kama gashin ƙirji yana datsewa, musamman lokacin da yara suka tafi Islamiyya gidan ya yi tsit. Ban ga murɗaɗɗe ko mai jini a ciki ba ko ɗaya. A ƙeya kuma ƙayoyin da ka kwatanta sun fito da yawa, fatar ba ta yi ja ba. Fiffiken dama yana da guntaye biyu masu kaifi, na bar su sai likita ya gani.

Anti Rabi, ranar farko ya tsorata da kwalbar feshin, ya koma ƙuryar keji yana ihu, amma a rana ta uku ya buɗe fukafukai har yana rataye da ƙafa ɗaya. Ya karɓi gwanda da rumman nan take, karas sai da na kankare shi na gauraya da dafaffen wake, zogale kuwa har yanzu jefar da shi yake yi. Na daina maganin kajin kwana 8 ke nan, kuma ƙwanƙwasar yatsun ta ragu sosai, jiya sau ɗaya kawai na ji ta da dare.

Dakta, mun mayar da ɗan akun ɗakin baya, eklektus kuma yana kwana a ɗakin da ba ma kunna turare, ana kashe masa fitila bayan sallar isha'i. Nauyinsa giram 410 ne, kuma bai motsa ba a awo huɗu da na yi. Da na duba kejin da kyau na ga fentin ƙofar ya ɓare a daidai inda yake yawan kamawa da baki, don haka maigidan yana neman wani. Sai dai akwai abin da ban faɗa ba a farko domin ban ɗauke shi komai ba: ɗan akun da aka sayo ba ya barin farar hoda a hannu idan an taɓa shi, bakinsa kuma baƙi ne mai sheƙi kamar an goge, alhali wanda kakata ta taɓa kiwo bakinsa kullum kamar an barbaɗa masa gari yake. Ranar Litinin za mu kai su Zariya in sha Allah, kuma zan fara nuna wa likitan wannan.